Tsohuwar Mota, Sabon Kuɗi

Garin Jos yana da wata baiwa wadda ba a cika ambatonta ba, watau iya adana tsohon ƙarfe. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 daga doron teku, iskarsa kuma ba ta ɗauke da gishirin nan da ke cinye jikin mota a Ikko ko Fatakwal. Saboda haka ne har gobe idan mutum ya leƙa bayan gidaje a Gangare ko Rikkos ko Bukuru, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar Land Rover ta zamanin haƙar kuza, ko Marsandi, ko akori-kura, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. A da, makomar irin waɗannan motoci guda ce, 'yan gwangwan su zo su taya, su farfasa, su auna a sikeli. Amma a 'yan shekarun nan an sami wasu masu hannu da shuni daga Abuja da Ikko waɗanda suke bin gari suna neman su, su gyara, su ajiye don sha'awa, kamar yadda wani yake kiwon doki ba don sukuwa ba. Turawa sun daɗe da wannan al'ada. A Ingila motar da ta shekara 40 ana iya yi mata rajistar kayan tarihi a ɗauke mata harajin hanya, a Faransa kuwa shekara 30 ake nema kafin a ba ta takarda ta musamman.

Abin da nake son in bayyana wa mai karatu shi ne yadda muka sayar da irin wannan mota a gidanmu a farkon shekarar 2023. Neman mai saye bai ba mu wahala ba. Wahalar tana wajen karɓar kuɗi, da inda za a ajiye su, da kuma abin da hukuma take bi a cikinsu, domin kuwa kuɗin ba nawa ba ne, na magada ne, a cikinsu har da marayu biyu da ba su balaga ba.

Motar Peugeot 404 ce, wadda mutanenmu suke kira Fijo, fara, ƙirar 1976. An fara ƙera irinta a Faransa a 1960, ita kuwa tamu a Kaduna aka harhaɗa ta, a masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta ne a 1978 daga hannun wani Bature injiniya da ke aiki a wani kamfanin kuza a Bukuru, sa'ad da harkar kuza ta soma ja da baya, Turawa suna ta tattara komatsansu. Ya sha ba mu labarin cinikin. Naira 2,400 ya biya, 'yan Murtala sababbi guda 120, domin a 1977 aka fito da takardar naira 20. A kan bonet aka ƙirga su, makanike yana tsaye yana shaida, Baturen ya yagi takarda ya rubuta layi uku ya sa hannu, aka yi musafaha, shi ke nan ciniki ya faɗa. Tun daga ranar makaniken nan, wani mutumin Birom daga wajen Du, shi ne mai duba ta, har tsawon shekara 44. Ba mu taɓa kiran sunansa ba, Baba muke ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Alhaji.

Mahaifinmu ya rasu a daminar 2022, ya bar mata biyu da 'ya'ya takwas, maza uku, mata biyar. Da iyayenmu suka fita takaba a watan Janairu, aka zauna rabon gado. Gida da shago ba su ba da matsala ba, an yi musu ƙima an daidaita. Mota kuwa ba ta rabuwa, babu kuma wanda yake da halin ya biya sauran ya riƙe ta, don haka aka yanke shawarar a sayar, aka wakilta ni a matsayina na babba. 'Yan gwangwan suka taya ta naira 180,000. Da Baba makanike ya ji, sai ya ce, "Ɗan Alhaji, idan ka ba wa masu guduma motar nan, kada ka ƙara taka garejina. Injinta ba a taɓa sauke shi ba sai sau ɗaya. Akwai masu neman irinta, ka nemi dillali." Muka nemi dillali, aka yi yarjejeniyar la'ada kashi 5 cikin 100, muka rubuta tun kafin ya kawo kowa.

Matsala ta farko ita ce ta takardu. Takardar Baturen nan mai layi uku, da rasidin kamfanin da aka fara sayen motar, duk suna cikin akwatin ƙarfe a shagon mahaifinmu sa'ad da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002. Abin da ya rage sai lasin da yake sabuntawa kowace shekara da sunansa, da inshora, da takardar lafiyar mota. Waɗannan kuwa bai taɓa fashin biyansu ba, ko a shekarun da motar ba ta fita sai ran Juma'a. Na je ofishin 'yan sanda aka ba ni takardar shaidar ɓatan takardu, na je kotu na yi rantsuwa, sa'an nan magada baki ɗaya suka sa hannu a takardar wakilci, uwar marayu ta sa a madadinsu, aka kai gaban alƙali ya tabbatar. Dalilin wannan dogon zagaye shi ne sunan da ke kan lasin na mamaci ne, mamaci kuwa ba ya sayar da komi. Duk wanda ya sayi motar gado daga hannun ɗa ɗaya ba tare da izinin sauran ba, to, rigima ya saya.

Matsala ta biyu ita ce wane asusu kuɗin za su shiga. Asusun marigayi ba ya taɓuwa, domin da zarar banki ya sami labarin rasuwar mai ajiya sai ya dakatar da cirewa har a kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, abin da yakan ɗauki watanni. Zuba kuɗi a cikinsa tamkar jefa guga ne a rijiya ba igiya. Asusuna kuma na albashi ne, ban ga dalilin da zai sa in cuɗanya dukiyar marayu da tawa ba, ko da kwana ɗaya ne, musamman a gidan da ke da ɗaki biyu, inda ƙaramin zargi yakan shekara ashirin bai mutu ba. Sai muka buɗe sabon asusu na haɗin gwiwa, ni da yayan amaryar mahaifinmu, wanda muke kira Kawu, da sharaɗin ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mu biyu, kuma duk saƙon da banki zai aiko ya shiga wayoyinmu tare.

To, ana cikin haka ne guguwar canjin kuɗi ta taso. Mai karatu zai tuna cewa ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka sa ranar 31 ga Janairu 2023 ta zama ƙarshen tsofaffin, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. An ƙayyade wa mutum cire naira 500,000 a mako, amma wannan a takarda ne kawai, domin mutane sukan yi sammako su wuni a layi a titin Ahmadu Bello su koma gida da abin da bai kai kuɗin cefane ba. A kasuwar Farin Gada tumatir ya riƙa ruɓewa a kwando saboda babu tsabar da za a saya.

A makon farko na Fabrairu dillali ya kawo wani mutum. Bai buɗe bonet ba, bai tambayi takardu ba, ya zagaya motar sau ɗaya ya ce ya saya naira miliyan shida da rabi, lakadan, kuɗin ma suna cikin but ɗin motarsa a jakunkuna biyu. Na tambaye shi sababbi ne ko tsofaffi. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kuɗi ai kuɗi ne." Tsofaffi ne, takardar dubu guda 6,500, saura 'yan kwanaki wa'adinsu ya cika. Nan take na gane ba mota ce ta kawo shi ba, yana neman inda zai sauke kayan da ke shirin mutuwa a hannunsa ne. Na ce masa albarka, sai dai idan zai biya ta banki. Ya ce shi ba ya harka da banki, ya ja motarsa.

A daren nan gidanmu bai yi barci da wuri ba. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta sa aka kira ni, ta ce, "Kai, yanzu mutum ya kawo kuɗi har ƙofar gida, ana gani ana taɓawa, ka kore shi, ka ce sai wanda za a rubuto maka a waya? Ni kuɗin da ban ƙirga da hannuna ba ban san da zamansu ba."

Ban ɗauki maganarta da wasa ba, domin na san inda ta samo ta. Tana nan a watan Afrilu na 1984 sa'ad da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canja launin kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canja, mahaifinmu ya kwana a bakin banki da kuɗin shago. Tana nan kuma a watan Janairu na 1998 da aka soke lasin bankuna 26 a rana ɗaya, a ciki har da wanda ta tara kuɗin adashinta na aikin hajji. A lokacin iyakar abin da hukumar inshorar ajiya, wadda aka kafa a 1988, take lamunce wa mai ajiya shi ne naira 50,000, saura kuwa sai abin da aka samu bayan an sayar da kadarorin bankin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na ce mata, "Hajiya, ki gafarce ni, dalilaina uku ne." Na farko, dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan biyar sai ta hanyar banki, kamfani kuma fiye da miliyan goma. Laifin yana kan mai bayarwa da mai karɓa duka, ni kuma ni ne zan sa hannu. Na biyu, ko da babu doka, a wane banki zan shigar da takarda 6,500 cikin kwana uku a irin wannan turmutsitsi, wa kuma zai tantance mini na jabu a cikinsu, ina zan kwana da su kafin nan? Na uku, idan nawa ne ina iya yin kasada, in an ci ni na ci, in an faɗi ni na faɗi, amma ba ni da ikon yin caca da rabon yara biyu da ke aji huɗu da aji shida na firamare. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Kawu ya goyi bayana. Wasu ƙannena ba su ji daɗi ba, domin dillali ya riga ya faɗa musu cewa da wuya a sake samun tayin da ya kai wannan.

Dillali ya yi gaskiya, ba a sake samu ba. Bayan kwana goma wani dattijo ya zo daga Abuja, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya ce da irin wannan mota aka kai shi makarantar sakandare. Shi kam ya wuni a gareji. Ya duba lambar inji da ta shasi ya gwada su da na takarda, ya kwanta a ƙarƙashi yana ƙwanƙwasa bodi yana neman tsatsa, ya tuƙa ta har Bukuru ya dawo. Ya tambayi takardar kwastan, Baba makanike ya tuna masa cewa motar da aka harhaɗa a Kaduna ba ta ƙetaro teku ba balle a biya mata fito. Ya taya miliyan biyar, aka yi ta ja har aka tsaya a miliyan shida, na ce na sallama. Ya ba da naira 500,000 kafin alƙalami, ta banki, ya ce zai ciko saura bayan mako ɗaya.

A nan ma sai da aka tsaya. Dillali ya so a rubuta cewa idan mai saye ya fasa, kafin alƙalaminsa ya bi ruwa, kamar yadda aka saba a kasuwa. Limamin unguwarmu, wanda muka gayyato ya zama shaida, ya ce a mazhabar Malikiyya wannan sharaɗi bai halatta ba, ko da yake Hambaliyya sun yarda da shi, domin cin dukiyar mutum ne ba tare da an ba shi komi ba. Sai aka rubuta cewa kuɗin wani ɓangare ne na farashi, idan an fasa za a mayar masa da su cikin kwana bakwai. Liman ya kuma tuna mana cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka wanda ya nemi a rubuta ciniki bai zargi kowa ba. Takardar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, da lambar mota da ta inji da ta shasi, da farashi cikin lamba da cikin kalmomi, da lambar asusun da za a biya, da bayanin cewa an sayar da motar a yadda take bayan mai saye ya duba ya gamsu.

Saura tambayar da take tsohuwa kamar ciniki kansa: wa zai fara sakin abin da ke hannunsa? A 1978 ba a san wannan tambaya ba, hannu ɗaya yana miƙa kuɗi ɗaya yana karɓar makulli. Da aka shiga zamanin cak sai tazara ta shiga tsakani, domin a shekarun 1990 cak ɗin wani gari yakan yi mako biyu ko uku kafin ya zama kuɗi, kuma duk da dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga mai ba da cak na bogi, mutane da yawa sun yi asarar motocinsu ta wannan hanya. An ce tura kuɗi nan take, wanda aka fara a 2011, ya rufe wannan tazara, amma ya zo da tasa ɓarakar, watau alat na ƙarya, saƙon da ɗan damfara yake ƙirƙira ya aiko wa mutum kamar daga bankinsa ya fito. Abin da muka yi shi ne muka sa mota da makulli da takardu duka a hannun Baba makanike, mutumin da mu muka yarda da shi saboda shekara 44, mai saye kuma ya yarda da shi saboda wuni ɗaya da suka yi tare. Aka rubuta cewa ba zai saki komi ba sai ya ga takardar bayanin asusu mai ɗauke da hatimin banki, ni da Kawu mun kawo masa da hannunmu.

Ranar Litinin, saura kwana biyar zaɓen 25 ga Fabrairu, dattijon ya dawo da babbar motar da za ta goya Fijo ta gangara da ita Hawan Kibo zuwa Akwanga ta wuce Abuja. Ya shiga bankinsa ya tura naira miliyan biyar da rabi, ya fito da rasidi, wayarsa ta nuna an cire. Tawa da ta Kawu shiru. Muka jira har la'asar. A kwanakin nan duk ƙasa ta koma tura kuɗi ta waya saboda rashin tsaba, na'urori suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi sukan fita daga nan su maƙale a hanya. Dattijon ya nuna rasidinsa ya ce shi ya sauke nauyin da ke kansa, direban babbar mota kuma kowane kwana da kuɗinsa, ga zaɓe yana matsowa, ba ya son ranar ta same shi a hanya. Ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba, na kuma ji nauyinsa ƙwarai, domin sa'an mahaifina ne. Muka ɗunguma zuwa gareji.

Baba makanike ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda ka biya. Amma takardar da na sa wa hannu ba ta ce in ga rasidinka ba, ta ce in ga hatimin bankinsu. Idan kuɗin nan suka koma maka gobe, kai mutumin kirki ne, za ka sake turowa. Idan kuma Allah ya yi maka abin da ya yi wa Alhaji a kan hanya, wa yaran nan za su bi? Ga ɗaki nan, direbanka ya kwana, abincinsa a kaina." Dattijon ya daɗe bai ce komi ba, can sai ya yi dariya ya ce da a ce ya sami irin wannan mutum a ofishinsa da bai yi ritaya da hawan jini ba. Aka kwana biyu. Ran Laraba da hantsi saƙo ya shigo wayoyinmu tare. Duk da haka muka bi layi, muka shiga, aka buga mana bayanin asusu aka sa hatimi, muka kai gareji. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko makulli.

Game da haƙƙin hukuma kuwa, na shiga cinikin ina tsammanin za a yanki wani abu mai kauri, domin motar da aka saya naira 2,400 aka sayar miliyan shida ta ninka kuɗinta sau 2,500, ko da yake wannan lissafi labarin faɗuwar naira yake bayarwa fiye da na darajar mota, tunda a 1978 naira ta fi dala ƙarfi, a farkon 2023 kuwa dala ɗaya ta haura naira 450 a farashin gwamnati. Akwai dokar harajin ribar kadara tun 1967, wadda a lokacin cinikinmu take karɓar kashi 10 cikin 100, amma ta cire motar hawa ta gida daga cikin kadarorin da ake yi wa wannan haraji. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar wannan rangwame, sai dai ta ƙayyade shi ga mota biyu a shekara, don a bambanta mai sayar da motarsa da wanda ya mai da abin sana'a. La'adar dillali kuwa kuɗin shiga ce, harajinta yana wuyansa. Abin da banki ya cire mana shi ne naira 50 ta hukuma a kan kowane kuɗi da suka shigo daga naira 10,000 zuwa sama, da 'yan kuɗin hidimarsa.

Inda aka kashe kuɗi shi ne wajen canja sunan mai mota, wannan kuma mun rubuta tun farko cewa a kan mai saye yake: kuɗin canjin mallaka, da sabon lasin, da takardar lafiyar mota, da inshorar kare haƙƙin wani, wadda a watan Janairun shekarar aka ɗaga ta daga naira 5,000 zuwa 15,000. Ya so ya tafi da motar ya yi wannan aiki a Abuja a hankali. Na roƙe shi a fara shi a Jos kafin ya tafi, muka je tare, muka wuce 'yan kamashon da ke tare mutane a bakin ƙofa, aka biya komi ta banki aka karɓi rasidin gwamnati, na riƙe kwafe. Mutanenmu da yawa suna raina wannan mataki, mota takan bi hannu huɗu tana ɗauke da sunan mutumin farko. Ranar da aka kaɗe wani da ita, ko aka kama ta da abin da bai kamata ba, ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa. A garin da ya ga abin da Jos ta gani a 2001 da 2008 da 2010, ba na son wata mota tana yawo a ƙasa da sunan mahaifina alhali yana kabari.

Rabo bai wuce kwana uku ba, domin a lokacin iyakar abin da inshorar ajiya take lamuncewa naira 500,000 ne, sai a 2024 aka ɗaga shi zuwa miliyan biyar, ban ga amfanin barin kuɗin su daɗe a wuri ɗaya ba. Daga miliyan shida aka fitar da la'ada 300,000, da wani bashin marigayi haɗe da kuɗin takardun kotu 200,000, saura miliyan biyar da rabi. Tumunin iyayenmu mata ya kama 687,500, kowace 343,750. Abin da ya rage, 4,812,500, aka kasa shi 11, kowace mace ta sami 437,500, kowane namiji 875,000. Aka tura wa kowa a asusunsa, na marayu aka buɗe musu nasu a ƙarƙashin kulawar uwarsu da Kawu. Liman ya ƙara da cewa motar hawa ba a yi mata zakka, kuɗin gado kuma sai sun kai nisabi sun shekara a hannun mai su. Aka buga takardar lissafi guda goma, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, daga baya ma aka cire wa'adin. Wani ƙanena ya zo har gida ya ce, "Yaya, ka ga da mun karɓi jakunkunan nan da yanzu muna da ƙarin rabin miliyan." Na ce masa haka ne, amma ranar da mutumin ya zo babu wanda ya san abin da alƙalai za su ce, dokar miliyan biyar kuma kotu ba ta taɓa ta ba, har yau kuwa ba mu san asalin kuɗin da ke cikin jakunkunan ba. Mahaifiyata ita ma ta sami abin da take so. Da tsaba ta wadata a watan Afrilu, ta sa na raka ta banki ta ciro rabonta kaf, ta zauna a kan darduma ta ƙirga shi da hannunta sau biyu, sa'an nan ta sayi tumaki huɗu.

Ɗalibai da malamai da za su karanta wannan, da yawansu akwai irin wannan mota a bayan gidajensu, wata rana kuma a kansu nauyin sayar da ita zai faɗo. Shawarata ita ce a tattara takardunta tun masu ita suna da rai, a yi musu kwafe a ajiye a wuri dabam. Idan ranar ta zo, a sami izinin kowane magaji a rubuce, a keɓe wa kuɗin asusunsu, kada a saki makulli saboda saƙon waya ko rasidin wani, a nemi amintacce na uku ya riƙe kaya, a canja suna kafin mota ta bar gari, a karɓi rasidi a kan duk abin da aka biya hukuma. Amintaccen nan kuwa ba a samunsa ranar ciniki, mu ma gadonsa muka yi, domin mahaifinmu ne ya shekara 44 yana hawa tudu zuwa garejin mutumin da ba addininsu ɗaya ba, har a shekarun da mutane suka daina shiga unguwannin juna. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya, amin.